Tiyatar Sa'adiya

Shafi na 17

Assalamu alaikum mutanena. Na ga saƙonninku duka, har da na wadda ta rantse in Sa'adiya ba ta buɗe baki yau ba za ta biyo ni har Damba. Sha zamanki 'yar'uwa, rana ta yi zafi. Waɗanda suka shigo mana yau kuma sannunku da zuwa, ga inda muka tsaya.

Sa'adiya 'yar Malam Arzika ce, direban da ke jan mota daga Gusau zuwa Tsafe. Ta gama sakandare, ta ci jarrabawar shiga jami'a, kuma abin da ranta ke so shi ne ta karanci rubutun wasan kwaikwayo da na fim. Ranar da Babanta ya tambayi sunan karatun, tsoro ya sa ta faɗa masa da Turanci. To a Turancin, kalmar da ake kiran dandalin wasa da ita, ita ce dai ake kiran ɗakin da likitoci ke yi wa mutum aiki, wadda mu muka ara muke cewa tiyata. Kunnen Malam Arzika ya cafke tiyata ya saki sauran. Tun daga ranar babu wanda bai sani ba a tasha, 'yar Arzika za ta zama likita.

Mu je zuwa.

La'asar sakaliya aka ji hon ɗin motar a ƙofar gidansu da ke Tudun Wada. Sa'adiya na zaune a bakin ƙofar ɗaki da waya a hannu. Ƙarshen makon nan za a rufe damar sauya makaranta, ita kuma har yanzu sunaye uku ke mata yawo a ka, Zariya, Kano, Jos.

Mahaifiyarta Hanatu, da suke kira Umma, ta ajiye rariyar tankaɗe ta matso. Ƙasa-ƙasa ta maimaita mata shawarar da ta ba ta tun jiya. Ta zaɓi Zariya ta yi shiru, tunda dama can Baban ke so. In ta tafi ta fara karatu, kafin gaskiya ta iso Gusau zuciyarsa ta huce.

Sa'adiya ta gyaɗa kai. Wallahi saura kaɗan ta yarda, kuma ni ban ga laifinta ba.

Baba ya yi sallama riƙe da hannun mahaifiyarsa Inna Delu. Daga Tsafe bai ko huta ba ya wuce Bungudu ya ɗauko ta, saboda yanar da ta rufe mata ido har ta fara gaishe da turmi tana zaton jikanta ne.

"Ina Daktar?" in ji Inna tun daga zaure.

"Ga ni, tsohuwa mai ran ƙarfe."

"Matso in ji ko kin yi ƙiba. Likita ramamme ba ya da kwarjini."

Ta shafa mata fuska, ta ja kumatun, ta ce da sauran aiki. Aka shimfiɗa mata tabarma, aka kawo fura. Sai da ta sha ta yi gyatsa ta ce ba ta kai ta Bungudu ba.

Baba kuwa bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya zauna a kan kujerar roba, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce yau za a gama maganar makaranta. Ya ce shi bai zauna haka nan ba, ya yi bincike. Duk fasinjan da ya ga alamar boko a jikinsa sai ya tambaye shi. Ya tambayi wata malamar asibiti da ya ɗauka zuwa Tsafe, ya tambayi wani hedimasta, har da wani mai sayar da magani a Damba. Jos ta yi nisa ga sanyi. Kano cunkoso ya yi yawa.

"Kowa bakinai guda. Tiyata sai asibitin Shika. Ke Zariya za ki."

Umma ta saci kallon Sa'adiya, kallon nan na kin ji ko.

Sai Baba ya miƙa hannu bayan kujera ya jawo baƙar leda. Ya ce Ɗanlami tela na bakin tashar Tsafe ne ya ɗinka, kuma sai da ya tsaya a kansa don kada ya yi masa irin ta mahauta.

Farar riga ce irin ta likitoci. A kan aljihun an zana da koren zare, Dakta Sa'adiya Arzika.

"Sanya mu gani."

Ta saka. Hannun rigar ya wuce yatsunta. Baba ya tashi da kansa ya naɗe mata, yana cewa za ta cika ta, ai karatun da tsawo. Ya ja baya ya kalle ta tun daga sama har ƙasa. Idonsa ya kawo ruwa, ya yi saurin cewa hayaƙin murhun Hanatu ya cika shiga ido.

Babu wuta a murhun.

Ni dai a nan tausayinsu su biyun ya kama ni, ban san wa zan fara lallashi ba.

Ana cikin haka Umma ta tambayi yadda aka yi da likitan ido. Baba ya ce ai dalilin ɗauko Inna ke nan. An ce a kawo ta cikin makon nan a cire yanar, in aka ƙara ja da nisa aikin zai yi wuya.

Inna ta ajiye ludayi.

"Wa za a kai?"

"Ke mana, Inna."

"Ba inda za ni. Ga likita cikin gida, in kai idona ga ɗiyan wasu? Ina jiran jikata."

Aka yi dariya, ana zaton wasan da ta saba ne. Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce ta gama magana tun a Bungudu, ta faɗa wa maƙwabta, ta faɗa wa matan da suke zuwa karatun asuba tare. Hannun Sa'adiya ne zai buɗe idon nan, kuma fuskar Sa'adiya za ta fara gani.

Sa'adiya ta ce, "Inna, karatun fa shekaru ne."

"Ina jira. Mi ni ka gani yanzu da zan yi kewa? Huskar Arzika? Na gan ta ta ishe ni."

Baba ya lallasa, ya haɗa ta da girman Allah, ya ce kafin nan idon zai iya tafiya gaba ɗaya. Inna ta juya masa ƙeya. Wanda ya san Inna Delu ya san in ta juya ƙeya, to an rufe kasuwa.

Da ya rasa yadda zai yi sai ya juyo wurin 'yarsa.

"Dakta, ke hwaɗa mata. Ke ta ka jin maganarki."

Sa'adiya ta dubi idon Inna, fari fat kamar an ɗiga nono. Ta dubi Umma, Umma ta girgiza mata kai a hankali. Ta ji za ta iya ɓoye wa Baba magana har ta gama jami'a, amma ba za ta iya zuba ido tsohuwar nan ta makance a kan kalma guda ba.

Ta cire rigar. Ta ninke ta da kyau, ta ɗora a gwiwar Baba. Sannan ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ni ba likita zan zama ba."

Ya kalle ta. Can fuskarsa ta yi laushi.

"Jarrabawar ta ba ki ci ba? Shi na kika ɓoye man?" Ya dafa kanta. "Haba Sa'adiya. Mota ma takan ƙi tashi da sahe. A sake baɗi, Allah na nan."

Da ma faɗa ya yi mata da ya fi mata sauƙi. Hawayen da take riƙewa suka zubo.

"Na ci, Baba. Tiyatar ce iri biyu."

"Kamar ƙaƙa iri biyu? Ta ciki da ta ido?"

Ta share fuska ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Ta ce Turawa sunan da suke kiran ɗakin aikin likita, shi suke kiran wurin da ake wasan kwaikwayo. Ta ce sashen da ta nema na masu tsara wasa ne da rubuta labarin fim. Ta ce ranar da ya ji kalmar ya ɗaga hannu yana hamdala, ta buɗe baki za ta gyara, sai ta ga farin cikin da bai taɓa yi ba, bakin ya ƙi motsi. Washegari kuma ta tarar labari ya riga ta isa tasha.

Hannun Baba ya sauka daga kanta.

"Wasa," ya ce. "Karatun wasa."

Ya juya wurin Umma ya tambaye ta ko ta sani. Umma ta sunkuyar da kai tana kakkaɓe garin da babu shi a zaninta. Ya gyaɗa kai.

"To 'yar fim za ki zama ke nan."

"Ba fitowa zan yi ba, Baba. Rubutawa zan yi. Duk abin da ka ji sun faɗa, akwai wanda ya zauna ya tsara musu shi."

Sai ga muryar Inna daga kan tabarma.

"Tsaya. Wasan nan da ni ka ji a rediyo, da ma rubuta musu a ka yi?"

"Eh, Inna."

"Har matar nan da mijinta yaƙ ƙi biya mata kuɗin niƙa?"

"Har ita."

"Ni ko kwana nawa ina yi mata addu'a."

Inna ta fashe da dariya har da tari, sai da Umma ta bubbuga mata baya. Da ta samu numfashi ta ce a kai ta asibiti gobe-goben nan, ita ba za ta zauna jiran likitan da ke yanka da biro ba. Ta ƙara da cewa gara ma a buɗe idon da wuri, don in 'yar nan ta sa tsohuwa a fim ta ga ko ita aka kwaikwaya.

Magana guda ta warware, amma babu wanda ya iya murna, don Baba bai motsa ba. Yana zaune da rigar a gwiwa, babban yatsansa na shafa koren zaren.

Sa'adiya ta ja gwiwa ta ƙara matsowa.

"Baba, ka tuna wasan da aka yi ranar yaye mu?"

Ya tuna. Wasan wani direba ne da motarsa ta cika, fasinja na ta masifa a tashi, shi kuma ya ƙi tada mota saboda wata tsohuwa mai zuwa asibiti duk mako ba ta iso ba. Ranar Baba ya dawo gida yana ba da labarin wasan kamar shi kaɗai ya gani. Ya ce wanda ya shirya abin nan ya san tasha, ya san zuciyar direba, Allah Ya yi wa iyayensa albarka.

"Ni na rubuta shi."

Ya ɗago.

"Ke?"

"Ni."

"Direban nan mai hushi da ɗan kamasho, mai cewa mota ba ta tashi sai da kowa..."

"Kai ne, Baba. Ban sa masa ko kalma guda da ban ji a bakinka ba."

Inna ta ce ashe kansa ya sa wa albarka bai sani ba. Wani abu kamar murmushi ya zo gefen bakinsa, ya kore shi da sauri.

 Da ya fara magana, muryarsa a ƙasa take, kuma ya fi ciwo a haka.

"Ba wasan na yaf fi yi man zahi ba, Sa'adiya. Tsorona da kij ji shi na. Ni da ni ka goya ki in kai ki makaranta cikin ruwan sama. Yaushe niz zama dodo?"



Ya ce ta bar shi yana yawo a tasha da suna Baban Dakta. Ya ce Kamilu ɗan kamasho ya nuna masa ƙullutun da ya fito masa a wuya, ya ce a tambayar masa ita. Ya ce wani dattijo daga Wonaka ya kawo masa hoton ƙirjinsa na asibiti a ajiye mata, yana nan a aljihun mota har yanzu. Ya ce shugaban tasha da kansa ya tashi a taron direbobi ya ce a yi koyi da Arzika wajen karatun 'ya mace.

"Wanga duk da wane baki zan koma in gyara shi?"

"Ka yafe min, Baba."

"Yahewa daban. Na yahe tun kina magana. Kunya ni ka hwaɗa miki."

Umma ta samu ƙarfin hali ta sa baki. Ta ce tunda dai sashen yana Zariya, kuma shi ma Zariyar yake so, a bar ta ta tafi can. Mutanen tasha ai Zariya za su ji, babu wanda zai bi ta aji ya duba.

Baba ya dube ta ya ce wato a ƙara wa ƙaryar ɗaki da falo. 

Ya mayar da hularsa kai, ya gyara zama. Sai ya yi abin da tun farkon maganar makarantar nan bai yi ba. Ya tambayi fasinja, ya tambayi hedimasta, ya tambayi mai magani, amma bai taɓa tambayar mai karatun ba.

"Ke wace makaranta ki ka so?"

 Sa'adiya ta san amsar da za ta fi masa daɗi, ta kuma san ta gaskiya.

Ta fara da Jos. Ta ce a yadda ta bincika can makarantar fim ce zalla, za ta koyi aikin da hannunta, amma ta yi nisa kuma ba su da kowa a garin. Ta ce Zariya tsohon gida ne a harkar wasan dandali, malaminta na adabi can ya yi, kullum yabon wurin yake, kuma in ta je ba za ta yi asara ba.

"Ban tambaye ki tarihi ba. Wace?"

"Kano, Baba."

Umma ta runtse ido.

"Kano," ya maimaita. "Inda 'yan fim ɗin su ka kwana su tashi."

"Shi ya sa. Ni da Hausa nake so in rubuta, kuma can ne masu ɗaukar rubutun Hausa su mai da shi abin kallo suke. In ina karatu ina ganin yadda ake aikin, zan san abin da zan gyara. Ga Goggo Mairo a can, a gidanta zan zauna, idonta na kaina."

Goggo Mairo ƙanwar Baba ce, kuma duk dangi sun san ko kaza ba ta fita gidanta bayan magariba.

"Kuma mi za ki rubuta da ba a rubuta ba?"

"Mu, Baba. Kullum in aka ambaci Zamfara a waya, labari iri guda ne, na kuka. Ban taɓa ganin Inna a fim ba. Ban taɓa ganin tasharku ba. Mutane ba su san muna dariya ba."

Inna ta ce a rubuta cewa furar Bungudu ta fi ta Gusau, in dai gaskiya za a faɗa. 

Baba ya zuba wa 'yarsa ido.

"In nic ce a'a hwa?"

"In ka ce Zariya, zan tafi Zariya. In ka ce in zauna gida, zan zauna, ba za ka ji bakina ba." Ta ɗan tsaya. "Makarantar zan iya bari. Rubutun ne ban san yadda ake barinsa ba."

 Baba ya kalli sama ya auna rana. Da sauran lokaci kafin magariba, lokacin da motocin Tsafe da na Bungudu ke dawowa, direbobi su cika rumfar mai shayi ana lissafin yini.

Ya miƙe. Ya miƙa wa Umma rigar, ya laluba aljihu ya ciro makullin mota.

"Ɗauko mayahinki."

"Ina za mu, Baba?"

"Tasha."

Umma ta miƙe tsaye. "Malam, tasha kuma? 'Ya mace, cikin maza?"

"Ubanninta na, su sunka ci sunanta. Ina tsaye kusa da ita."

Ya juyo ya fuskanci Sa'adiya. Babu fushi a idonsa, amma babu wasa.

"Kin ce aikinki ki tsara magana mutane su zauna su saurara. To ga 'yan kallo can sun taru. Abin da kih hwaɗa man, ki tsaya gabansu ki hwaɗa musu da bakinki, ni ba ni cewa komi. In kin tashi sunka sa miki albarka, ni da kaina zan kai ki Kano."

Ta miƙe tsaye.

"In kuma suka yi maka dariya fa, Baba?"

Ya riga ya kai bakin zaure. Bai juyo ba.

"To ki yi ta tsarawa tun daga nan. Tasha ba ta da nisa."